Na sayi kaset-kaset na hannu, in goge had-dis ɗina in dogara da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'armu ɗaukar bidiyo da tace shi, ni da abokin aikina. Ayyukan da muka tara tsawon shekaru sun kai kimanin terabait 30, suna warwatse a had-dis barkatai, kuma biyu daga ciki sun riga sun mutu da aikin mutane a kansu. Kwanan baya na sayi na'urar LTO-6 ta hannu, mai adana bayanan kwamfuta a kaset, da kaset 30, su ma na hannu, daga wani mai sayar da tsofaffin kayan kamfanoni. Ya ce an gwada su, kuma kowanne yana ɗaukar terabait 6.25. Niyyata in juye komai a kaset biyar ko shida, in goge had-dis ɗin mu ci gaba da aiki da su. Abokina ya ƙi, ya ce shara na kwaso, har maganar ta fara ɓata tsakaninmu. Wa ke da gaskiya? Kuma yaya zan adana su kada su lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, don Allah ka ɗage hannunka daga had-dis ɗin nan. Kada ka goge ko fayil ɗaya a yanzu. Duk sauran abin da zan faɗa yana iya jira, wannan kam ba ya jira.

Ba shara ka kwaso ba. Tunanin da ya kai ka ga kaset tunani ne mai kyau, domin har gobe manyan kamfanoni da cibiyoyin bincike a kansa suke ajiye abin da ba sa son rasawa. Kaset ba shi da injin juyawa a cikinsa, ba ya buƙatar wuta idan yana ajiye, kuma muddin yana kan kanta, babu ɗan kutsen da zai kai gare shi ta intanet ya kulle maka aiki ya nemi kuɗin fansa. Masu ƙera shi suna cewa yana iya riƙe bayanai shekara 15 zuwa 30. Sai dai abokinka ma yana da hujja. Wannan alƙawarin na shekaru an yi shi ne a kan sabon kaset da aka adana yadda ya kamata tun ranar farko. Naka kuwa ba ka san inda suka kwana ba. Wataƙila daga ɗaki mai sanyi suka fito, an rubuta musu sau biyu an ajiye. Wataƙila kuma kullum dare ake nika su shekara da shekaru, sannan suka zauna a ɗakin ajiya mai zafi da laima, ko suka faɗo daga kan tebur. A kallon farko duk ɗaya suke. Cinikin biri a sama ka yi, kuma aikin da ke gabanka shi ne ka binciki kowane kaset da kanka, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka ba shi amanar aikin mutane.

Bari mu fara gyara lissafin, don shi ma zai sauya maka shiri. Ainihin cikin kaset ɗin LTO-6 terabait 2.5 ne. Lambar 6.25 da ake bugawa a jikin kwali tana nufin idan na'urar ta iya matse bayanan har ninki biyu da rabi, kuma hakan yana yiwuwa ne da rubutu da takardun lissafi da makamantansu. Bidiyo da hotuna an riga an matse su tun daga kamara, babu sauran abin matsewa. Saboda haka terabait 30 ɗinka zai ci kaset 12 a takarda, a aikace kuma ka ƙaddara 13 ko 14, saboda ba a cika kaset har baki. Kwafi biyu kuma, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi, ya kusa cinye talatin ɗin gaba ɗaya, tun kafin a ware marasa lafiya.

Game da kalmar "an gwada" da mai sayarwa ya faɗa, babu wata ƙa'ida da masana'antar ta amince da ita ta sake tantance tsohon kaset. Wani dillalin yana rubuta kaset daga farko zuwa ƙarshe ya karanta, wani kuwa sakawa kawai yake yi ya ga na'ura ta karɓa, ya goge kwalin ya manna sabuwar takarda. Ba na cewa naka ya yi maka ƙarya. Ina cewa maganarsa ba ta ɗauke maka gwaji ba.

Gwajin farko na ido ne da kunne. Ɗauki kaset ka juya shi a haske. Duba kusurwoyinsa huɗu, ko akwai tsagewa, ko inda roba ta yi fari alamar ya taɓa faɗuwa, ko inda ɓangarorin biyu na kwanson suka ɗan rabu. Girgiza shi a hankali kusa da kunne, kada ka ji wani abu yana ƙara a ciki. Sannan ka tura 'yar ƙofar da ke gefensa da yatsa. Za ka ga wani siririn ƙarfe a tsaye, riƙe a cikin maƙallai biyu, sama da ƙasa. A jikinsa bakin zaren yake, wato siririyar ledar da ake rubuta bayanai a kanta, kuma shi na'ura take cafkowa ta ja zaren zuwa cikinta. Idan ya karkace ko ya fita daga mazauninsa, kada ka saka wannan kaset, domin yana iya maƙalewa ya lalata maka na'urar, kuma asarar na'ura ta fi asarar kaset nesa ba kusa ba. Haka idan ka ji warin fumfuna ko ka ga farin gari-gari a gefen zaren. Irin wannan kaset yana shafa wa kan na'ura, wato sashen da ke karatu da rubutu a zaren, datti, ita kuma ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Kada ka taɓa zaren da yatsa. Kaurinsa bai wuce maikiromita shida da 'yan kai ba, ya fi gashin mutum siranta sau da yawa.

Duba kuma ko akwai masu launi biyu, sama wani launi, ƙasa ruwan toka, ko waɗanda lambar jikinsu ta ƙare da LW maimakon L6. Waɗannan su ne nau'in WORM, da aka fara tun LTO-3, zamani na uku na wannan fasaha, waɗanda ake rubuta wa sau ɗaya ba a gogewa. Idan mai shi na farko ya cika shi, ba shi da sauran amfani a gare ka.

Akwai wata tambaya da nake so ka koma ka yi wa dillalin: yaya aka goge bayanan da ke ciki? Kamfanoni da yawa suna bi da tsofaffin kaset ta cikin injin maganaɗisu mai ƙarfi don share sirrinsu. Ga tsofaffin nau'o'in kaset wannan ba matsala ba ne, amma ga LTO kisa ne. Tun a masana'anta ake zana wasu layukan jagora na maganaɗisu a tsawon zaren, kamar layukan littafin rubutu, kuma su ne kan na'ura yake bi don ya san inda zai rubuta. LTO-6 yana da layin bayanai 2,176 a kan zare mai faɗin rabin inci, ka ga kuwa ba wurin lalube. Injin maganaɗisu yana share layukan jagorar tare da bayanan, kuma babu na'urar gida ko ta ofis da za ta iya mayar da su. Kaset ɗin da aka yi wa haka zai yi kyau a ido, amma na'ura za ta tofo shi.

Gwaji na biyu shi ne ka tambayi kaset ɗin tarihinsa. A cikin kowane kaset na LTO akwai ɗan ƙaramin cif da na'ura take karantawa ba tare da waya ba. A ciki ake rubuta wanda ya ƙera shi, ranar da aka ƙera shi, lambarsa, sau nawa aka saka shi a na'ura, yawan bayanan da aka taɓa rubutawa da karantawa, da kurakuran da aka ci karo da su. Manhajar IBM mai suna ITDT ko ta HPE mai suna Library and Tape Tools, gwargwadon wanda ya ƙera na'urarka, za ta fito maka da wannan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jimillar bayanan da aka rubuta. Raba ta da terabait 2.5, ka sami kimanin sau nawa aka cika kaset ɗin. Ana rubuta LTO ne ta kai da komowa: zare mai tsawon mita 846 yana wucewa ta kan na'ura har ƙarshe, ya juyo, ya sake komawa, kuma cika LTO-6 sau ɗaya yana nufin wucewa 136. Shi ya sa rayuwar kaset a wajen cikawa 'yan ɗaruruwa ce kawai. Wanda aka cika sau goma ko ashirin yaro ne. Wanda ya haura ɗari, ko wanda tarihinsa ya nuna kuskuren da na'ura ta kasa gyarawa, ka ware shi gefe. Ka kuma yi amfani da hankalinka: kaset ɗin da kwansonsa ya ƙoƙe, alamun takardu uku a manne a jikinsa, amma cif yana cewa sau biyu aka taɓa saka shi, akwai ayar tambaya a kansa, domin ana iya taɓa waɗannan lambobin.

Gwaji na uku shi ne na gaskiya, kuma shi ne mai cin lokaci. Ka cika kowane kaset daga farko har ƙarshe da bayanan da ba sa matsuwa, bidiyonka ma ya isa, sannan ka karanta shi gaba ɗaya ka kwatanta da na asali. Dalilin da ya sa wannan gwajin yake fallasa kaset mai ciwo yana da ban sha'awa. Na'urar LTO tana karanta abin da ta rubuta nan take, kan karatu yana biye da kan rubutu. Idan ta ga wani yanki bai zauna da kyau ba, sai ta sake rubuta shi a gaba, ba tare da ta gaya maka ba. Aikinka ya tsira, amma zare ya ƙaru da ci. Don haka kaset mai lafiya zai ɗauki kusan terabait 2.5 ɗinsa, gajiyayye kuwa sai ka ga ya cika tun yana kan 2.1 ko ƙasa. Wannan giɓin shi ne shaidar raunin da ido ba ya gani. Sai dai ka fara gwajin da sabon kaset guda ɗaya da ka saya a rufe. Na'urarka ita ma ta hannu ce, kuma kan da ya cinye yana kawo irin wannan alamar. Idan sabon kaset ma ya kasa ɗaukar cikinsa, laifin na na'ura ne, kada ka zubar da kaset masu kyau a banza.

Ka shirya wa lokacin. LTO-6 yana rubuta megabait 160 a daƙiƙa, wato cika kaset ɗaya ya haura awa huɗu, karanta shi ma haka. Kaset talatin aikin makonni ne. Ka kuma tabbatar faifan da kake juyewa daga kansa yana da saurin ciyar da na'urar. Idan bayanai suna zuwa a hankali fiye da ƙaramin gudun da take iya saukowa, za ka ji tana tsayawa, ta koma baya, ta sake tashi, ta sake tsayawa. Wannan kai-kawon yana cin zare yana cin kai. Idan had-dis ɗin USB ne masu nauyin jiki, ko ƙananan fayiloli ne dubbai, ka fara tara su a faifai mai sauri, ka ɗaure ƙananan a dunƙule ɗaya, sannan ka tura.

Kaset ɗin wanke kan na'ura kuwa, shi kam sabo za ka saya. Yana aiki kimanin sau 50 ne ya ƙare, kuma yana ɗan kankare kan na'ura a kowane wanki, don haka ba a saka shi sai na'urar da kanta ta nuna tana so.

Wata 'yar magana a gefe. Idan ka tarar da bayanan masu kaset ɗin na farko ba a goge ba, kada ka buɗe. Takardun ma'aikata ko na abokan cinikin wasu ne da ba su san sun iso hannunka ba. Ka rubuta a kai ka wuce.

To, bayan an tace, me za ka yi da waɗanda suka ci jarrabawa? Ga ra'ayina ƙarara. Kaset na hannu ya dace da zama kwafi na biyu ko na uku. Bai dace ya zama shi kaɗai ne wurin da aikin mutane yake ba. Masu wannan harka suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu daban-daban, ɗaya daga ciki a wani gini na dabam. A wurinka, wannan yana nufin kwafi ɗaya a had-dis, biyu a kaset, ɗaya a wurin aiki, ɗaya a wani gida. Kuma ku zauna kai da abokinka ku rarrabe ayyukan. A cikin terabait 30 akwai wanda idan ya ɓace ba za a iya sake ɗaukarsa ba har abada, akwai kuma gwaje-gwajen tacewa da maimaici da za a iya sake fitarwa. Kashi na farko ku saya masa sababbin kaset, ko da saiti ɗaya ne. Fujifilm da Sony ne kaɗai suka rage suna ƙera zaren, duk sunan da ka gani a jikin kwali. Tsofaffin sai su ɗauki kwafi na biyu da sauran tarkace. Ina ganin a nan za ku haɗu, domin abin da yake tsoro da abin da kake nema duk ɗaya ne: kada a sake kiran wani a ce masa aikinsa ya tafi. Ka ba shi rabin gwajin ya yi da hannunsa. Wanda ya ga sakamako da idonsa ba ya buƙatar a rinjaye shi da baki.

Sai bayan kwafi biyu na kaset sun kammala, an karanta kowanne an tabbatar, za ka iya tunanin sake amfani da wasu had-dis, kuma ko a lokacin ina so ayyuka masu muhimmanci su ci gaba da zama a faifai.

Wajen rubutawa, ka zaɓi tsarin da kowa zai iya karantawa. LTFS, wanda ya zo tare da LTO-5 a 2010, yana sa kaset ya bayyana a kwamfuta da manyan jakunkuna da fayiloli, kuma ba ya ɗaure ka da manhajar kamfani ɗaya da ka iya ɓacewa. Kafin juyewa ka fitar wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA-256, ka ajiye jerin a cikin kaset ɗin da kuma wajensa. Da ita ce za ka gane, bayan shekara biyar, ko abin da ya fito shi ne abin da ya shiga. Idan ka kunna kullewar sirri da na'urar take da ita, ka sani ranar da mabuɗin ya ɓace aikin ya ɓace, ko da zaren lafiyarsa ƙalau. Ka rubuta mabuɗin a takarda, ku biyu ku san inda yake. Da ka gama kaset, tura ɗan jan makullin da ke jikinsa don hana rubutu, ka rubuta lamba da kwanan wata a takardar da ke gurbinta kaɗai, kada ka manna komai a wani wuri a jikin kwanson.

Batun adanawa ba shi da wuya, naci yake so. Abokan gabar kaset zafi ne da laima da ƙura. Garin maganaɗisun da ke riƙe bayanai manne yake a jikin zaren da wani irin gam, kuma laima tana narkar da wannan gam ɗin a hankali, zafi yana ƙara mata sauri. Wannan ciwon ne ya addabi kaset-kaset ɗin ɗakunan ɗaukar sauti na shekarun 1970 da 1980, har zare ya riƙa danƙo yana zubar da garinsa a kan na'ura. An inganta haɗin tun daga lokacin, amma ƙa'idar ba ta sauya ba. Don ajiya mai tsawo ana son digiri 16 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, da laimar iska kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Idan ba ka da ɗaki mai na'urar sanyaya iska dare da rana, nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi a tsakiyar gini, nesa da taga da rufin kwano da bangon da rana take duka. Yanayin da ba ya hawa da sauka ya fi ɗakin da ake ƙanƙarar da shi da rana a bar shi ya dahu da dare, saboda zaren yana miƙewa yana tsukewa. Akwati mai rufewa ruf, da ƙunshin sinadarin tsotse laima da ɗan ma'aunin laima a ciki, yana taimakawa ƙwarai, in dai kana duba ma'aunin kana sauya sinadarin. Kowane kaset ya zauna a cikin kwalinsa na roba, a tsaye a kan gefensa, kada a jibge su a kwance. Ka nisanta su da manyan lasifikoki da injinan lantarki, kada ka bar su a mota, kada ka ajiye su a ƙasa inda ruwa zai iya kaiwa. Idan ka ɗauko kaset daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi, ka bar shi awa 24 ya saba kafin ka saka, don kada raɓa ta kwanta a kan zaren.

Sau ɗaya a shekara ka ɗauko wasu daga ciki ka karanta, ka kwatanta da lambobin tantancewa, kana juyawa har kowanne ya sami zagayensa. Wanda ya fara nuna kurakurai, ka juye shi zuwa sabo tun yana karantuwa.

Abin da ya fi damuna a shirinka ma ba kaset ɗin ba ne, na'urar ce. Guda ɗaya gare ka, tsohuwa, daga zamanin da ya fito a 2012. Har zuwa LTO-7 kowace na'ura tana karanta zamani biyu na baya, amma a LTO-8, wanda ya fito a 2017, aka rage zuwa ɗaya. Ma'ana kaset ɗinka na LTO-6 na'urori iri biyu ne kawai suke karanta shi, LTO-6 da LTO-7. Sabuwar na'urar da za ka saya nan gaba ba za ta san shi ba. Hukumar NASA ta Amurka ta ɗanɗana irin wannan: kaset-kaset ɗin hotunan duniyar wata da kumbunan Lunar Orbiter suka aiko a 1966 da 1967 sun zauna lafiya shekara arba'in, amma da aka tashi karanta su a 2008, sai da aka farfaɗo da tsofaffin na'urorin kamfanin Ampex da wata ma'aikaciya ta adana a gidanta, aka yi ta neman kayan gyara da masu sanin aikinsu. Kai ba ka da irin wannan ƙarfin.

Saboda haka ka fara neman na'ura ta biyu tun yanzu da ake samunsu, ka gwada cewa tana karanta abin da ta farko ta rubuta. Ka adana katin SAS, wanda ke haɗa na'urar da kwamfuta, da wayarsa da kwafin manhajar da ka yi aiki da ita tare da kaset ɗin. Ka kuma sa a ranka cewa nan da shekara biyar zuwa bakwai za ku kwashe komai zuwa sabon zamani, ku fara ware kuɗin wannan ƙaura daga cikin kowane aiki da kuka karɓa.